Idon Sodangi Mai Guga

A Sabon Birni, shekara talatin da 'yan kai, in ka ga mutum da farar shat wadda kwalarta ta tsaya cak, karin hannunta ya miƙe tun daga kafaɗa har wuyan hannu, ba sai ka tambaya ba, daga teburin Sodangi ta fito. Teburin yana gindin wata dalbejiya a kan hanyar da ma'aikata ke bi zuwa sakatariya. An shimfiɗa masa tsohon bargo ninki biyu, an rufe da farin ƙyalle. Dutsen guga biyu ne na gawayi, ɗaya yana aiki, ɗaya yana gefe yana shan iska wutarsa ta kama.

Garin ba garin shat ba ne. Yawancin maza kaftani suke sawa, da babbar riga ranar Juma'a, kuma masu wanki da bugun irin waɗannan suna da yawa. Amma malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da 'yan bautar ƙasa, da samarin ofis, dole su sa shat, kuma duk wanda ya kwana biyu a garin sai an nuna masa dalbejiyar nan. Shi kansa Sodangi bai taɓa sa shat a jikinsa ba. Wata 'yar shara ce da shi mai ruwan ƙasa, sai hula.

Ba sana'ar gidansu ba ce. A wani ƙauye kusa da Unguwar Lalle aka haife shi, gidan manoma gero da dawa. Shekarar da fari ya ƙone amfanin gona tun yana tsaye, Sodangi yana ɗan shekara ashirin da biyu, bai daɗe da auren Hajo ba. Ya bar ta wurin iyayensa, ya bi fatake zuwa Maraɗi neman abin da za a ci. Ya yi dako, ya sayar da ruwa, daga baya ya faɗa gidan wani tsoho mutumin Kwatano da ke yi wa ma'aikatan gwamnati wanki. Sunan tsohon ya ƙi zama a bakin Hausawa, sai kowa ke ce masa Baba Kwatano.

Ran farko aka ba Sodangi wata farar shat. Ya cuɗe ta da ƙarfinsa na manomi, ya murɗe ta kamar mai matse zane. Tsohon ya buge masa hannu.

"Dusuma, dusuma!" in ji shi, wato a hankali. Sai ya ƙara da gurɓatacciyar Hausarsa: "Riga ba abokin faɗa ba."

Rani uku ya yi a gidan nan yana koyo. Ya koyi cewa kafin ruwa ya taɓa shat sai an ɓalle maɓallanta duka, an laluba aljihu, don biro guda yana iya kashe riguna goma. Dauɗar shat ba a jikinta take ba, tana cikin kwala da bakin hannu da hammata, nan ake goga sabulu a bar shi ya jiƙa, a bi da yatsa, ba da burushi ba. Fari ba ya haɗa baho da mai launi. Bula kaɗan ake sawa, in ta yi yawa rigar ta koma kamar ta mara lafiya. Ba a murɗewa, ba a bari rana ta busar da ita ƙayau. Da sauran laima ake ɗauke ta a goge. Guga kuma tana da hanyarta: bayan kwala tukun, sannan gabanta, daga baki zuwa tsakiya, sai kafaɗa, sai hannuwa, sai jiki, a zagaye maɓalli da bakin dutse kada a hau kansa. Abin da tsohon ya fi nanatawa shi ne kada a taɓa ɗora dutse a kan tabo. Tabon da ya sha zafi ya zauna ke nan.

Da ya dawo gida, Sodangi ya ɗauko Hajo suka zauna a Sabon Birni. Da damina yakan koma ƙauye ya yi noma, da rani ya tsaya bakin teburinsa. Haka suka raini 'ya'ya huɗu, suka aurar da su. Daga baya hanyar ƙauyen ta daina biyuwa saboda 'yan bindiga, gonar ta koma daji, danginsa ma suka kwaso kayansu suka shigo gari. Tun daga nan guga ta zama ita ce gonarsa.

Mutum ne mai ji da aikinsa, har wasu na cewa abin ya yi yawa. In ka kawo masa shat da miya a gaba, sai ya tambaye ka yaushe ta zuba, in ka ce shekaranjiya, ya yi maka faɗa kamar ɗansa. Yakan gane halin mutum daga rigarsa: wanda ke hawa mashin, bayan rigarsa ja ne, wanda ke cin goro, aljihunsa ya shaida, wanda ransa ba ya kwance, kwalarsa ta fi ta kowa zufa. Ba ya faɗa wa kowa, sai dai Hajo.

Cikin masu kawo masa wanki, wanda ya fi daɗewa shi ne Malam Nasiruddeen, ma'aikacin lafiya, ɗan garin Isa da aka turo Sabon Birni aiki ya zauna. Fararen shat biyar gare shi. Duk Asabar da safe zai kawo su a leda, ya zauna a benci su gaisa, Lahadi da la'asar ya zo ya karɓa. Sodangi na ce masa Likita, ko da ya sha gaya masa shi ba likita ba ne.

Ba a rana ɗaya abin ya zo ba. Sodangi ya fara ganin kamar hayaƙi-hayaƙi a gabansa, ya ce na gawayi ne, ya canza mai sayar masa da gawayi. Hasken rana ya fara damunsa, sai ya juya teburin ya ba gabas baya. Ya daina gane mutum sai ya yi magana. Amma hannunsa bai manta komai ba. Yana iya goge shat ido a rufe, kuma kusan haka yake yi bai sani ba. A ganinsa rigunan ma sun fi da haske, don duk abin da ya duba fari fat yake ganinsa.

Sai masu kawo wanki suka fara raguwa. Wani yaro ya buɗe shago kusa da tasha da dutsen lantarki da janareto, Sodangi ya ce can suka koma, 'yan zamani ne, ba su san aiki ba. Babu wanda ya ce masa komai. Dattijo ne, kuma kowa ya san halinsa.

Wanda ya fasa maganar shi ne Kamaluddeen, wani saurayi akawu a ƙaramar hukuma. Wata safiya ya kawo shat mai ruwan sararin samaniya, sabuwa, ɗigon manja ya zuba a ƙirjinta. Ya ce baƙi za su zo daga Sakkwato da azahar, ita yake son sawa. Sodangi ya wanke ta nan take a gindin bishiya, ya shanya, ya goge, ya ninke. Da Kamaluddeen ya dawo ya warware ta, sai ya tsaya.

"Baba, ga manjan nan inda yake."

"Wane manja? Na hitar da shi."

"Ga shi nan, Baba. Har ka bi shi da dutse."

Sodangi ya karɓi rigar ya ɗaga ta sama, ya juya ta. Bai ga komai ba sai shuɗi mai laushi. Ransa ya ɓaci. Akwai mutane a benci, ga masu wucewa.

"Yaro, tun ba a haihe ka ba nike wanga aiki. Ni za ka koya wa tabo?"

"Ba koya maka nike ba. Kowa na nan, a duba."

Babu wanda ya duba. Ɗaya daga cikin mazauna bencin ya ce a yi haƙuri, wani ya tashi ya ce zai je masallaci. Kamaluddeen ya ɗauki rigarsa ya tafi, yana cewa wannan shi ne na ƙarshe. Shirun mutanen nan ya fi maganar yaron tsaya wa Sodangi a rai, amma bai bari tunanin ya yi nisa ba.

Da la'asar ya koma gida yana ba Hajo labari, yana huci. Tana zaune a tabarma tana tsince wake. Ta bari ya gama, sannan ta ajiye faifan.

"Malam, zamna in hwaɗa maka wata magana. Kada ka yi hushi."

Ya zauna.

"Yaron nan gaskiya tai. Idanunka sun taɓu. Yau shekara guda da wata huɗu, duk wankin da kay yi cikin gidan ga, in ka shanya ka hita sayen gawayi, ni ka sauke hwararen in sake bin kwalolin da sabulu, in maida su inda ka aje su. Wanda kaka wankewa can gindin icce, shi na ba ni iya kai gare shi."

Ya tuna sau nawa ya dawo ya taɓa shanya ya ji ta fi yadda ya bar ta laima, ya ce rana ce ba ta da ƙarfi.

"Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

"Na hwara sau biyu. Kac ce hayaƙi na."

Kwana uku bai fita ba. Teburin ya zauna a rufe. Ba ciwon idon ne ke cin sa ba. Ya san makanta daga Allah take, kuma ya ga waɗanda suka fi shi sun makance. Abin da ya hana shi sakewa shi ne tunanin cewa ya fi shekara yana miƙa wa mutane riguna da fahari, suna karɓa da hannu biyu suna godiya, su je gida su duba su girgiza kai.

Rana ta huɗu Malam Nasiruddeen ya yi sallama a zaure. Bai yi dogon zance ba. Ya sa Sodangi ya fuskanci ƙofa, ya buɗe masa fatar ido da yatsa, ya haska da fitilar wayarsa.

"Baba Sodangi, yanar ido ta. Duka biyun, amma na dama ya hi nuna. Ana cire ta. Wata mai zuwa likitocin ido za su zo Isa, za ni sa sunanka."

"A'a, Likita. Ƙanen babana, wani mai magani ya soke mishi ido da allura, har ya mutu bai sake ganin rana ba."

"Wanga ba irin wancan ba na. Ni da kaina za ni raka ka."

Ya ƙi, ya ƙi, har sai da Hajo ta ce masa ita fa hannuwanta sun gaji. Wannan ce ta tashe shi.

Da ranar ta zo, suka tafi shi da Malam Nasiruddeen da hantsi, motoci shida a jere, don hanyar Isa ba a bin ta ɗaiɗai. Ba wanda ya yi hira a motar sai da aka hango gari. Aikin bai kai tsawon wankin shat biyu ba. Aka rufe masa idon dama da auduga, ya kwana a gidan yayan Malam Nasiruddeen. Washegari da safe aka jera su a benci, tsofaffi maza da mata, wata ma'aikaciya tana bi tana ɓare musu auduga. Wasu na kabbara, wata tsohuwa na kiran sunan jikarta tana kuka.

Da aka zo kansa, haske ya doke shi, ya runtse, ya sake buɗewa a hankali. Malam Nasiruddeen ya sunkuyo yana tambaya, "Kana ganina, Baba?"

Sodangi bai dubi fuskarsa ba. Kwalarsa ya duba. Farar shat ce, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan da ya san su kamar tafin hannunsa. A gefen kwalar akwai layin rawaya na tsohuwar zufa da dutse ya bi ya zaunar. A ƙasan kafaɗa kuma ga wani ɗan tabo ruwan ƙasa mai tsini, siffar bakin dutsen guga sak.

Ya miƙa hannu ya taɓa wurin.

"Ni na ƙona ta."

"Ta daɗe, Baba. Tun bara."

"Kuma kaka sa ta? Kana shiga cikin mutane da ita?"

Malam Nasiruddeen ya yi dariya. "Marasa lafiya ba su dubin kafaɗata. Kuma karin hannun ga, duba shi. Har yau babu mai yin irinai."

"Da ka hwaɗa mini."

"Da na hwaɗa maka da ka kore ni, awa yadda ka kori Kamalu. Na yi kuskure dai, da na kama ka da ƙarhi tun bara na kawo ka wurin masu ido. Nauyinka nij ji."

Ma'aikaciyar ta ce kada ya yi kuka, ba a son ya murza idon. Ya ce ba kuka yake ba, haske ne.

A hanyar komawa ya yi ta kallon waje kamar baƙo. Ya ga gonaki da ciyawa ta cinye, ya ga ƙauyen da babu ko akuya. Ya ji labarin waɗannan duka, amma bai gan su ba sai ran nan. A gida kuma ya ga Hajo. Ya san ta tsufa, tunda tare suka tsufa, amma fuskar da ke cikin kansa ta shekara biyar baya ce. Ta kawo masa ruwa, ya riƙe kwanon da hannunta tare. Bayan yatsunta duk sun tsattsage saboda sabulu.

"Mi kaka kallo?" in ji ta.

"Ba komi. Sannu, Hajo."

Likitoci sun ce sati shida kada ya kusanci hayaƙi, kada ya sunkuya, kada ya ɗauki nauyi. Wankin 'yan tsirarun da suka rage kuwa bai daina zuwa ba. Sai aka shigo da teburin cikin gida. Hajo ta hura gawayi, shi ya zauna nesa a kujera da baƙin tabarau yana ba da umarni. Ran farko ya fara yi mata bayanin bayan kwala da gabanta, ta ce shekara talatin tana jin wannan karatu, ya bari ta yi. Ya zuba ido yana jiran kuskure. Kwalarta ba ta tsaya yadda yake so ba, ya sa ta sake. Amma da ta zo hannu, ta shimfiɗa shi ta bi ɗinkin da yatsa ta ja dutse sau ɗaya, karin ya fito a miƙe. Ya ce dutsen ne ya yi zafi daidai.

Cikin makonnin nan ya ɗauki sandarsa ya tafi sakatariya, ya nemi ofishin Kamaluddeen. Saurayin ya miƙe tsaye da ya gan shi. Akwai abokan aikinsa biyu a ciki, Sodangi ya ce su zauna, a gaban mutane ya yi laifin, a gaban mutane zai gyara.

"Ɗana, ran nan kai ad da gaskiya. Tabon na nan, ni ne ban gani ba. Na ɓata maka riga, na kuma ƙaryata ka. Ka yahe mini."

Kamaluddeen ya rikice, ya durƙusa, ya ce wallahi ya wuce, shi ma ya ɗaga murya ga babba. Suka rabu lafiya, ya rako shi har bakin titi. Amma bai dawo da wankinsa ba. Ya saba da shagon tasha, ya fi masa kusa. Da yawa cikin waɗanda suka tafi haka suka yi. Suna gaishe shi da girmamawa in sun wuce, ledarsu a hannu, su yi gaba. Da farko abin ya yi masa ciwo. Daga baya ya je da kansa ya tsaya ya kalli aikin yaron mai janareto, ya dawo ya ce wa Hajo ba laifi, sai dai yana cika sitati.

Idon hagu har yau ba a yi masa aiki ba, likitocin ba su sake zagayowa ba. Da ido ɗaya yake aiki, yana karkata kai kamar kaza in zai duba kwala. Teburin bai koma gindin dalbejiya ba, a zaure ya tsaya. Shi ke wanke masu launi, Hajo ke wanke farare, kuma babu rigar da dutse ke hawa sai ta fita da ita tsakar gida ta ɗaga ta a rana ta ce to. Wani lokaci ta ce a sake, ya yi gunaguni, ya sake.

Bayan girbin da ya wuce wani ɗan kasuwa mai suna Jibrilla, mai kai kaya tsakanin Sabon Birni da Maraɗi, ya sauke masa dilar gwanjo a ƙofar zaure, shat zalla. Ya ce in an wanke an goge sun fi shiga ido a kasuwa, kuma duk sati biyu zai kawo wata. Suka kwance dilar shi da Hajo, warin ajiya ya cika zauren. Riguna ne daga ƙasashen da ba su san sunansu ba, wasu masu layi-layi, wasu farare da suka dushe, wasu da rubutu a wuya wanda ba su iya karantawa. Sodangi ya riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya yana ɓalle maɓalli. Wata ya ce mai ita ƙato ne kuma bahago, don hannun hagu ya fi cinyewa. Wata ya ce ba a taɓa sa ta ba sai sau ɗaya ko biyu, ƙila mai ita bai yi tsawon rai ba. A wata kuma ya tarar an taɓa juya kwalar an sake ɗinke ta da zare ƙanana, ɗinkin hannu, don gefen da ya tsufa ya ɓuya. Ya daɗe yana dubanta a bakin ƙofa.

"Hajo, zo ki ga aikin wata mata."

Ta zo ta karɓa, ta bi ɗinkin da farce, ta ce ko wace ce, ta iya allura. Sannan ta jefa ta cikin tarin farare, ta ce ya tashi ya kira mai ruwa kafin rana ta yi, baho biyu ba za su ishe su ba yau.